Cittar da Baba Akawu Ya Ara

Tun kafin citta ta ruɓe a gona, tun kafin komai ya faru, ni tsorona kati ne. Koren kati, bai kai tafin hannuna ba, da sunanki a jiki, Alheri, da lamba, da hatimin asibiti. Nakan naɗe shi cikin leda biyu, in sa a tsohon gwangwanin madara, in tura gwangwanin can ƙasan akwatin zannuwana. Sau biyu ko uku a mako sai na buɗe na duba, ko da na san babu wanda ya taɓa akwatin. Babanki yakan ce yawan dubawar ne zai yaga shi wata rana. Amma ba ɓacewarsa kaɗai ke damuna ba. Abin da ke raina shi ne, a ofis aka ba ni shi, a ofis kuma za a iya karɓewa, ni kuwa ba ni da bakin yin musu da mai riƙe da biro.

Ranar Lahadin da ta wuce kin dawo daga sujada kina tambayata wai da gaske ne na taɓa kai wa Baba Akawu na asibiti toshiyar baki da citta, don haka kika ji wata tana faɗa a bayan coci. Na ce ki bari zan gaya miki. Magana takan rikice mini a baki idan raina ya tashi, shi ya sa na sayi littafin rubutu. A aji biyar na firamare na tsaya, ke yanzu kin fi ni saurin karatu, saboda haka inda hannuna ya karkace ki yi haƙuri. Ina so ki ji shi daga wurina yadda ya faru, da laifina a ciki, ba a rage ba.

Kina da wata takwas hannuwanki da ƙafafunki suka kumbura, kika yi kwana biyu kina kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Aka ce mu kai ki asibitin ƙungiya da ke gefen Kafanchan. Ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani mai kuɗi ba ne da zai kwashe riba ya kai gida. Ƙungiyar taimako ce, abin da ya shigo a kan marasa lafiya da albashin ma'aikata yake ƙarewa. A can aka gwada jininki aka ce sikila ce. Likita ya ce za ki rayu, za ki yi makaranta, amma akwai maganin da za ki riƙa sha kullum, kuma kada a bari ya yanke. Da babanki ya tambayi kuɗinsa a kemis, ya fito ya daɗe yana kallon tayar mashin ɗin wani. Sai wata nas ta gaya mana akwai abin da suke kira adashin lafiya. Tun da yawancinmu manoman citta ne, kuɗi sau ɗaya yake shigo mana a shekara, sai aka shirya cewa duk gidan da ke da yaro mai sikila ya kawo buhu ɗaya na busasshiyar citta da kaka. 'Yan kasuwa da ma'aikata su kawo kuɗin buhu. Da wannan za a buga wa kati hatimi, yaro ya samu magani da gwaji har da ƙarin jini idan ta kama, har kaka ta zagayo.

Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari shi ne Baba Ayuba, shugaban sashen kuɗi na ƙungiyar gaba ɗaya, wanda kowa ke kira Baba Akawu. Dogo ne, siriri, da furfura, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ya duba mara lafiya, ba ya yin allura, ban taɓa ganin ya shiga ɗakin kwanciya ba sai don ƙirga gadaje. Amma babu ƙwayar magani ɗaya da za ta shigo asibitin ba tare da ya sa hannu ba. Bencin da muke jira ranar Talata yana ƙarƙashin tagarsa, ni kuma ba na iya zama ban saurara ba, don haka na san aikinsa fiye da yadda yake tsammani. Shi ke zama tun farkon shekara ya raba abin da ake sa ran samu, wannan na magani, wannan na albashi, wannan na man janareta, wannan na motar da ke kai magani Godogodo da ƙauyukan can duk wata. Shi ke riƙe cittarmu a sito har farashi ya tashi sannan ya sayar. Shi ke rubuta wa masu ba da taimako bayanin inda kowace naira tasu ta shiga. Na taɓa jin babban likita yana faɗa da shi a kan wani kuɗi da ke zaune a banki, ga rufin ɗakin yara yana yoyo. Baba Akawu ya ce wannan kuɗin da sunansa ya zo, na firjin allurar rigakafi ne, in ya taɓa shi don rufi, baɗi masu shi ba za su sake aikowa ba. Likita ya fita ya buga ƙofa.

Abin da ya fi jawo masa baƙin jini shi ne rumbu. Haka yake kiransa. Duk buhu goma da aka sayar, kuɗin ɗaya yakan ware shi gefe, ba na magani ba, ba na albashi ba, ba na komai ba. Shi kansa ba ya iya taɓawa sai kwamitin amintattu ya zauna ya yarda. Nas-nas suna cewa ƙarin albashinsu ne yake kwance a ciki. Mu iyaye muna cewa guminmu ne ya kulle. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Maman Sadik, ƙawata ta benci, matar wani mai sayar da yadi a Godogodo, ita ta fi kowa iya kwaikwayonsa. Takan sauko da gilashin da ba ta da shi zuwa kan hanci ta ce, "Babu a tsari," mu yi ta dariya muna rufe baki da gefen zane. Ɗanta Sadik ya girme ki da shekara ɗaya, ciwonku ɗaya. A wurin motar wata-wata take karɓar maganinsa a can garinsu, sai gwajin wata uku-uku ke kawo ta Kafanchan.

Kina shekara huɗu aka yi shekarar da duk manomin citta a ƙasarmu ba zai manta ba. Damina ta yi kyau, ganye ya yi kore shar, sai cikin 'yan makonni ya fara ja yana kwantawa. In ka tona, ƙasan ya zama kamar dafaffen abu, da wari. Gonarmu ta fadama ta tafi duka. Babanki yakan fita da safe ya dawo da rana bai taɓa fartanya ba, ya zauna gindin mangwaro. Abin da ya tsira kawai ɗan fegin da ke kan gangaren dutse ta wajen Kagoro, wanda kakanki ya bari. Da aka haƙa, buhu ɗaya da rabi ya fito, lafiyayye, babu tabo. Babanki da Kaka, mahaifiyarsa, ba su ma yi shawara da kowa ba. Wannan iri ne. Aka tara shi a inuwa bayan ɗaki, aka rufe da ciyawa da ƙasa, a jira ruwan fari.

Na yi wa babanki maganar kati. Ya ce ya sani. Na sake yi masa, ya ce zai nemi aikin birkila a gari. Ya nema, amma rabin maza a shekarar aikin birkila suke nema. Kaka kuwa ta ce in daina zagaya tsibin irin nan kamar akuya, tana ganina.

"Saratu, wannan ba abinci ba ne, ba kuɗi ba ne. Gonar baɗi ce ke barci a nan. Ki bar ta ta yi barcinta."

Hatimin katinki zai ƙare ƙarshen Disamba. Na juye maganinki a faranti na ƙirga, saura na kwana goma sha biyu. Ga sanyi ya shigo, lokacin da ciwonku ya fi tashi. Kowace safiya sai na matsa yatsunki ina kallon fuskarki, har kika fara ɓoye hannu in kin gan ni.

Ga laifina. Wata Alhamis babanki ya tafi jana'iza Kagoro, Kaka ta tafi taron zumuntar mata. Na buɗe tsibin ta baya, na cika buhu da ɗanyar citta, na mayar da ciyawa na gyara yadda ba za a gane da wuri ba. Na san busasshiya ake karɓa, wadda aka tsaga aka shanya. Ina da kamar mudu uku na bara da nake ajiye wa kunu da shayi, sai na zuba su a sama, na ɗinke bakin buhun. Na goya ki, na tsayar da mai mashin, muka tafi. Duk hanya ina gaya wa kaina ba sata ba ce, tun da don 'yarsa ne.

A sauran shekaru ma'ajin sito ne ke awo, layi har bakin ƙofa. Ranar babu layi. Buhu biyar ko shida ne kawai jingine a bango, kuma Baba Akawu da kansa ne zaune kusa da sikeli, da littafi a cinya. Daga baya na ji tun farkon watan yake zama a nan, wai yana so ya ga da idonsa abin da ke shigowa da waɗanda ba su zo ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi jikinki da sunanki, ban san ya sani ba. Aka ɗora buhun a sikeli. Ya dubi allurar sikelin, ya dubi buhun. Ɗanyar citta ta fi busasshiya nauyi nesa, ni ban yi wannan tunanin ba. Ya tashi ya warware ɗinkin, ya naɗe hannun riga, ya tura hannunsa har gwiwa. Ya fito da guda ɗaya mai ƙasa a jiki, da idanun tsiro uku da suka fara kumbura. Ya sa ma'ajin sito ya je ya sha ruwa.

"Maman Alheri, maigidanki ya san wannan buhun ya fito?"

Na ce a'a.

"Iri ne."

"Iri ne, Baba. Shi ke nan abin da muke da shi. Ka karɓa, don Allah. Ya fi busasshiya tsada bana, kowa ya sani. Ba cutarku na yi ba."

"Na san ya fi tsada. Ba zan karɓa ba."

Na fara roƙo, ina faɗin kwana goma sha biyu, ina faɗin sanyi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in zauna a kan buhun, kada in tsaya da goyo. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya san abin da ake nufi idan mace ta kawo iri. Ya ce ni ce ta huɗu a makon, sauran dai ba su yi dabarar rufe saman ba. In ya karɓi irin kowa bana, zai sayar da tsada, littafinsa zai yi kyau, kwamiti zai yaba masa. Baɗi kuma babu wanda zai shuka, babu wanda zai kawo buhu, adashin ya mutu, maganin kowa ya yanke, ba na wata ɗaya ba, na har abada.

Na tambaye shi to katin fa. A nan ne ya faɗi abin da ya fi ba ni haushi a ranar, wanda kuma yanzu na fi girmama shi a kai.

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna kaɗai yake ba. Kwamiti zai zauna nan da kwana tara. Zan roƙe su a buɗe rumbu a buga wa kowa hatimi bana ba tare da buhu ba. Suna iya yarda, suna iya ƙi. In kin kai wannan kasuwa kin sayar kin kawo mini kuɗi, dole in karɓa, don kuɗi ba ya nuna daga inda ya fito. Amma ina roƙonki, 'yata, ki mayar da shi gida."

Sai ya ɗaga gudan da ke hannunsa ya ce ko zan ara masa wannan. Yana so ya ajiye shi a kan tebur gaban 'yan kwamiti, don wasunsu a birni suke, takarda ba ta nuna musu yadda abin ya kai. Na ce ya ɗauka. Bai ɗauka haka kawai ba. Ya yagi 'yar takarda ya rubuta cewa ya karɓi aron citta guda ɗaya mai ido uku daga hannun Saratu Bulus, ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya miƙo mini. Ina cikin hawaye amma saura kaɗan in yi dariya. A daidai lokacin ne wasu mata biyu suka wuce ta bakin sito, suka ga ya sa citta a aljihu, suka ga ya ba ni takarda. Daga nan maganar da kika ji a bayan coci ta samo asali.

Hanyar gida ta bi ta gefen kasuwa. Na sa mai mashin ya tsaya. Wani dillalin citta da ya san babanki ya leƙa buhun, idonsa ya buɗe, ya faɗi kuɗin da ya isa hatimi har da canji. Ya ce in ban yarda ba, zai ƙara. Na tsaya a nan da ke a bayana, kina wasa da ɗankunnena. In na sayar, yau ɗin nan zan koma a buga hatimi, in kwana da kwanciyar rai. In na mayar, kwana tara zan yi ina jiran mutanen da ban taɓa gani ba, a kan maganar mutumin da duk muka sani da "babu a tsari", kuma sai na fuskanci babanki. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Abin da ya juya ni ba wani babban tunani ba ne. Takardar nan ce a cikin hannuna. Na ce mutumin da zai rubuta takarda a kan citta guda ɗaya, kuma ya ƙi yi mini alkawarin ƙarya alhali ina kuka a gabansa, in ya ce zai roƙa, to zai roƙa. Na ce wa dillali ba na sayarwa ba ne. Ya ce matan Kagoro da wahalar ciniki. Na ce ni ba 'yar Kagoro ba ce, aure ya kai ni kusa.

Na tarar da Kaka zaune a kan kujera 'yar tsugune daidai bakin tsibin, an yaye ciyawar, ramin a buɗe. Ta dube ni, ta dubi buhun da mai mashin ke saukewa. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta sa na juye, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba ko sun kurje, tana ware busassun gefe.

"Har da na kunu kika haɗa? To da sun karɓa, da me za mu sha da safe, wayonki?"

Ba ta ƙara faɗa ba. Ta ce in kawo ciyawa, muka rufe tare. Amma ta ce ba za ta ɓoye wa ɗanta ba, kuma gara ya ji daga bakina. Da babanki ya dawo na gaya masa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya je bayan ɗaki ya daɗe, ya dawo ya ce da a ce na tambaye shi, wataƙila da shi da kansa zai ɗauka ya kai. Abin da ya yi masa zafi shi ne na ɗauka shi bai damu da ke ba. Kwana biyar yana cin abincina yana cewa an gode kamar baƙo. Wannan na biya, kuma na cancanta.

Kwana taran nan, kullum in na ba ki magani sai na sake ƙirga sauran, kamar za su haihu. A rana ta shida kika yi zazzaɓi, kika ce ƙafarki. Na dafa ruwa na gasa miki, na yi ta ba ki ruwan sha kamar yadda nas ta koya mana, Kaka tana addu'a da yarenmu, babanki yana riƙe da ke. Allah ya sa ya sauka kafin yamma. A wannan ranar ce ya sake kirana Maman Alheri da muryarsa ta da.

Washegarin zaman kwamiti na isa asibiti tun ba a gama shara ba. Na tarar da mata sun fi ashirin. Can sai ga Baba Akawu ya fito da takarda, ya tsaya a baranda, ya gyara tabarau. Ya karanta da Turanci, ya maimaita da Hausa. An yarda a buɗe rumbu. Duk katin da aka buga bara za a buga shi bana, ko an kawo buhu ko ba a kawo ba, waɗanda suka kawo kuma an rubuta musu na baɗi. Wata tsohuwa ta fara waƙar godiya ta coci, wata mai hijabi a gefena tana ta hamdala, ni kuwa na zauna a ƙasa. Da aka buga hatimin na daɗe ina kallon tawadar kafin ta bushe. Saura maganin kwana biyu a gida.

Amma bai gama karatu ba a lokacin, kuma ba zan ɓoye miki sauran ba. Rumbun bai isa shi kaɗai ba. Don ya kai shekara, sai da aka dakatar da ƙarin albashin ma'aikata, aka bar rufin ɗakin yara da bokiti a ƙarƙashinsa, aka kuma tsayar da motar Godogodo na wata shida. Katin 'yan Godogodo yana aiki, amma sai sun zo Kafanchan da kuɗin motarsu. Maman Sadik ta ji wannan a bakina. Ta ce, to, ku na kusa an share muku hawaye da zanenmu. Gaskiya ta faɗa. A wata na uku kasuwar yadi ta tsaya, ta makara da mako biyu, ciwon Sadik ya tashi sosai har sai da aka ƙara masa jini. Kwana takwas suka yi a asibiti. Ni na riƙa kai musu abinci, bayan an sallame su suka kwana biyu a ɗakina kafin ya iya zaman mota. Ya warke, yana nan, kin san shi da tsokana. Amma har yau in Maman Sadik ta hangi Baba Akawu sai ta sauya hanya, kuma ban taɓa ce mata ta yi kuskure ba.

A cikin kwanakin nan takwas na gan shi sau biyu tsaye a bakin tagar ɗakin yara, bai shiga ba. A karo na biyu na yi ƙarfin hali na ce, Baba, yaron Godogodo ne. Ya ce ya sani, su goma sha ɗaya ne a can, yana da sunayensu. Ya ce ya juya lissafin ta kowace fuska, ko dai a tsayar da mota, ko a rage maganin kowa, ya zaɓi wanda yake ganin zai fi sauƙin gyarawa, kuma ba shi da tabbacin ya zaɓa daidai. Nas ta gaya mini daga baya cewa bayan kwanciyar Sadik ya koma wa kwamiti, aka sayar da tsohon janareta, motar ta koma hanya wata ɗaya kafin lokacin da aka sa.

Cittar da ya ara kuwa ya mayar. Mako guda bayan hatimi ya aiko a kira ni ofis, ya ciro ta daga aljihun tebur a naɗe cikin takarda, idanun sun fara tsiro. Ya ce in kawo takardarsa. Na ce tana gida. Ya ce to babu citta sai da takarda. Sai da na dawo Talata ta gaba da ita, ya ja layi a kai ya rubuta an mayar, ya sake ba ni. Tana nan cikin gwangwanin madara tare da katinki, kina iya dubawa. Gudan kuma babanki ya shuka shi daban a bakin fegin dutse, Kaka ta riƙa kiransa ɗan ofis.

Da kaka ta zagayo ba mu samu da yawa ba, amma lafiyayye ne. Muka ware iri tukuna, muka tsaga saura muka shanya, buhu ya cika. Babanki ne ya ɗauka, ni ina biye da ke. Baba Akawu yana wurin sikeli. Da ya gan ni sai ya naɗe hannun riga, ya tura hannu har ƙasan buhun, yana kallona ta saman tabarau.

"Bana babu abin mamaki a ƙasa, Maman Alheri?"

Babanki ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. A ranar ce kuma aka sanar cewa za a ƙara mudu huɗu a kan kowane buhu har shekara uku, don a mayar da abin da aka ɗiba a rumbu. Kafin mu kai bakin ƙofa na ji mata sun fara, wai ya fara halinsa, wai bara ma don an kai masa citta ne ya sassauta. Na so in juya in yi magana, bakina ya ƙi. Na yi shiru a ranar, na kuma yi shiru a wasu ranakun, har maganar ta yi yawo ta dawo ta same ki a bayan coci.

Har yanzu ina duba katin, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma sau ɗaya a mako ne, wani lokaci ma in manta.

Alheri, ga roƙona, gare ki da duk wanda wannan littafin ya shiga hannunsa. In kun ji ana cewa Baba Akawu ya karɓi citta a hannuna, kada ku yi shiru kamar yadda na yi. Ku ce guda ɗaya ce, aro ce, ya mayar, takardar tana nan. Ku ce ni ce na kai abin da bai kamata in kai ba, shi kuma ya ce in mayar gida. Ke kuma, ran da muka je gwaji, ki leƙa ofishinsa ki durƙusa ki gaishe shi da kyau. Ya san sunanki.